Shinkafar rani da zafin bazara: wace ƙwayar gado ce ke hana zangarniya yin fanko?

Malamin Gona: Assalamu alaikum. Shinkafar rani da ta fidda kai a watan Afrilu a Argungu, Bakolori ko Haɗeja takan nuna abu ɗaya: ganye kore shar, ruwa bai yanke ba, taki ya isa, amma zangarniya tana tsaye ƙyam ba ta sunkuya ba, ka murza ka ji ƙaiƙayi. Ana ta yaɗa cewa masanan ƙasar Sin sun gano ƙwayar gadon juriyar zafi, TT1, a cikin shinkafar Afirka mai suna CG14. CG14 ɗin nan kuwa ita ce uwar NERICA ta tudu, wato ire-iren da aka samu daga auren shinkafar Afirka da ta Asiya. Ashe ke nan FARO 55 da FARO 56 suna ɗauke da ita? In haka ne, me ya hana a ce manoma su koma kansu?

Dakta Mai Iri: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a je ga TT1, sai an san inda zafin ya yi ɓarna, don wurare uku ne kuma ƙwayoyin gadonsu daban ne. Akwai lokacin da shinkafa take da ciki, kamar kwana 10 zuwa 12 kafin ta fidda kai, sa'ad da bununi ke haɗuwa. Akwai ranar buɗe fure. Akwai kuma lokacin cika ƙwaya. Abin da ka kwatanta ya fi kama da na biyun.

Kowane fure sau ɗaya yake buɗewa, na kamar sa'a guda, galibi tsakanin ƙarfe 9 na safe da 12 na rana. Shinkafa kanta take yi wa barbara. Da furen ya fara buɗewa sai ƙwayoyin bununi su sha ruwa su kumbura, kumburin ne ke tsage jakar bununin, ya zubo a kan macen furen. Ana bukatar aƙalla ƙwaya 10 su tsiro a kanta kafin a samu tabbacin ɗaukar ciki, kuma bununin shinkafa mintoci kaɗan yake rayuwa bayan ya fito. Idan zafi ya haura digiri 35 a wannan sa'ar, bununin ba ya kumbura sosai, jakar ba ta tsagewa da kyau, abin da ya zubo ba ya isa. Sa'a ɗaya tak ta wadatar. Furen da ya buɗe jiya da wanda zai buɗe gobe babu ruwansu, shi ya sa za ka ga zangarniya ɗaya, wani ɓangare cike, wani fanko.

Mai Lab: Bari in ɗauki ɓangaren TT1. An wallafa aikin a 2015, daga ɗakin binciken Lin Hongxuan a Shanghai. TT1 tana kan kuromosom na 3 cikin 12 da shinkafa ke da su, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai. Zafi yana lalata siffar furotin a cikin tantanin halitta, kuma furotin da ya lalace guba ne idan ya taru. Akwai wani babban tarin furotin da aikinsa farfasa waɗannan lalatattun, TT1 ce ke samar da guda daga cikin sassansa. Bambancin na CG14 da na shinkafar Asiya da aka gwada ta da ita amino asid ɗaya ne, wato tubalin ginin furotin, a gurbi na 99, amma na CG14 ya fi saurin share ɓarnar.

A 2022 ɗakin binciken ya sake fito da TT3, ita ma daga CG14, ita ma a kuromosom na 3. Wannan biyu ce a manne, TT3.1 da TT3.2. TT3.2 tana shiga kuloroplas, inda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, kuma taruwarta a can lokacin zafi tana lalata shi. TT3.1 tana zaune a fatar tantani. Da zafi ya tashi sai ta shigo ciki ta yi wa TT3.2 alama a kai ta wurin narkarwa kafin ta isa kuloroplas. Ta CG14 ta fi ƙarfin wannan aiki.

Malamin Gona: To madalla. Amma tambayata tana nan: FARO 55 tana da su?

Dakta Mai Iri: Ba a ɗauka haka sai an gwada. NERICA 1, wato FARO 55, da NERICA 2, wato FARO 56, an samo su ne daga auren shinkafar Asiya WAB56-104 da CG14, sannan aka sake mayar da 'ya'yan ga WAB56-104 har sau biyu. A lissafi, kashi 12.5 cikin 100 ne kawai na gadon CG14 ke saura. Ma'ana, duk wata ƙwayar gado da ba a zaɓe ta da gangan ba, damar ta tsira ɗaya cikin takwas ce. Monty Jones da abokan aikinsa da suka samar da NERICA a shekarun 1990 ba TT1 suke nema ba, ba a ma san da ita ba. Sannan waɗannan irin tudu ne. Na fadama, FARO 60 da FARO 61, uwarsu ta Afirka TOG5681 ce da aka aura da shinkafar Asiya IR64, ba CG14 ba. Hanya ɗaya ce: a yanki ganye a duba DNA da alamar da ke bambance TT1 ta CG14.

Abu na biyu, an gano TT1 ne ta hanyar sa tsiron 'yan makonni a ɗakin zafi mai digiri 40 da wani abu na sa'o'i masu yawa, a ƙirga waɗanda suka farfaɗo. Daga baya sun nuna tana taimakawa lokacin fure da cika ƙwaya, amma a jikin irin japonika, wanda dama ragon zafi ne. FARO 44 kuwa indika ce, ɗaya babban rukunin shinkafar Asiya. Ribar da aka gani a can ba dole ta fito da girmanta a nan ba.

Ɗan Gaya: Dakta, ranka ya daɗe, in ba TT1 ba, me ke akwai na ranar furen kanta?

Dakta Mai Iri: Biyu ne suka fi ƙarfin hujja. Na farko daga N22 yake, Nagina 22, wani tsohon irin Indiya. A gwajin da aka wallafa a 2010, an sa iri uku a digiri 38 lokacin fure: N22 ta cika kashi 71 cikin 100 na furanninta, IR64 kashi 48, Moroberekan ta ƙasar Gini kashi 18 kacal. A kula da wannan na ƙarshen, kasancewar iri ɗan Afirka ta Yamma ba ya nufin yana jure zafi. Masanan IRRI, cibiyar binciken shinkafa ta duniya a Filifin, sun auri IR64 da N22 suka gano wani yanki a kuromosom na 4, qHTSF4.1, wanda ke ƙara kamar kashi 15 na cikar fure a jikin IR64. Ba ya mayar da ita N22, domin juriyar N22 a warwatse take a wurare da dama.

Na biyu ba juriya ba ce, gudu ne. qEMF3, a kuromosom na 3, an ɗauko ta daga shinkafar daji Oryza officinalis, masanan Japan da na IRRI suka sa ta a IR64, aka wallafa a 2015. Tana sa fure ya buɗe sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu kafin lokacin da ya saba. An gama barbara kafin rana ta take. Shinkafar Afirka, glaberrima, ita ma a ɗabi'arta sammakon buɗe fure gare ta. A ganina wannan ne ya fi dacewa da mu, don tazarar zafi tsakanin ƙarfe 8 da 11 na safe a bazara babba ce.

Injiniyan Ban Ruwa: A nan nake da ja. Digiri 35 da ake ta faɗa na ɗakin gwaji ne mai laima. Abin da ke kashe bununi zafin jikin furen ne, ba na iskar da ma'aikatar yanayi ta auna ba. Sakkwato da Birnin Kebbi suna wuce digiri 40 a Afrilu. Da lissafin 35 ne ke aiki kai tsaye, da babu wanda zai girbe buhu ɗaya a rani. Amma ana girbewa. Shinkafar da ke tsaye cikin ruwa a busasshiyar iska tana fitar da tururi ta ganye da zangarniya, tana sanyaya kanta kamar yadda tulu ke sanyaya ruwa. A awon da aka yi a Senegal, Filifin da Faransa, aka wallafa a 2013, zafin zangarniya ya kama daga digiri 9.5 ƙasa da na iska har zuwa digiri 2 sama da shi, kuma laimar iska ce babban abin da ya raba. Saboda haka digiri 41 a busasshen Maris zai iya fin digiri 36 na Mayu sauƙi, lokacin da iskar damina ta fara kawo laima amma ruwan bai sauka ba.

Inda ɓarnar ke aukuwa shi ne idan famfo ya tsaya ko rabon ruwa ya yi jinkiri a makon fure. Ƙasa ta bushe, ganye ya rufe ƙofofinsa, sanyayawa ta tsaya, zangarniya ta ɗauki zafin iska gaba ɗaya. Daga ciki har ƙarshen fure a riƙe ruwa santimita 5 zuwa 10, kada a bari ya ƙafe ko na yini.

Mai Lab: Injiniya ya ba ni makami. Wasu masanan AfricaRice, cibiyar binciken shinkafa ta Afirka, sun yi lissafin kwamfuta a 2018 kan shinkafar Afirka zuwa wajen 2070, a mafi munin hasashen ɗumamar yanayi. Sun samu cewa noman rani a Afirka ta Yamma zai iya raguwa da kamar kashi 45 in ba a sauya iri ba, kashi 15 in an sauya. Dalilin da suka gano ba fankon fure ba ne, raguwar haɗa abinci a ganye ne saboda tsananin zafi. In hakan ya tabbata, TT3 mai kare kuloroplas ta fi qEMF3 muhimmanci a Sahel. Sammakon fure ba ya yi wa ganye komai da ƙarfe 2 na rana.

Dakta Mai Iri: Lissafin kwamfuta ne, ya ɗauka ruwa na nan kullum. Gonar da Malam ya kwatanta kuwa ganyenta kore ne, zangarniyar ce fanko. Amma na yarda qEMF3 tana da iyaka: ba ta kare bununi lokacin ciki, ba ta maganin zafin dare. Zafin dare kuwa ba wasa ba ne. A gonar IRRI an bi bayanan 1992 zuwa 2003 aka ga kowane ƙarin digiri 1 a zafin dare na rani yana tafiya da kashi 10 na amfani, saboda shuka tana ƙone abincin da ta tara da rana wajen numfashi. Wannan har yanzu babu wata ƙwayar gado ɗaya da mai kiwon iri zai ɗauka ya ce ta magance shi.

Ɗan Gaya: Akwai abin da ba a taɓo ba. A gonakin bakin kogin Kwara daga Tillaberi zuwa Gaya sau biyu ake noma a shekara, kuma gudun zafi yakan jefa mutum cikin sanyi. Idan shinkafa ta yi ciki a Disamba ko Janairu, dare ya sauka ƙasa da digiri 18, bununi yana mutuwa, sakamakon kuma iri ɗaya ne da na zafi: fanko. Iri mai kwana 110 zuwa 120 kamar FARO 44 yana fure kamar wata guda kafin girbi, kuma hunturu yana ƙara masa kwanaki. Wanda ya zuba iri a tsakiyar Janairu ya sa furensa a Afrilu. Wanda ya zuba a Oktoba ya sa cikinta a hunturu. Tagar da ke tsakani ƙarama ce, don haka irin da za a fitar mana sai ya haɗa juriyar sanyi lokacin reno da gajeren zango. Sahel 108 da aka fitar a Senegal a 1994 gajeren zangonta ne ya sa ta karɓu a rani.

Ɗalibar Digiri: Malamaina, in mutum zai tantance iri 20 ko 30 ba shi da ɗakin zafi, ya zai yi a fili har sakamakon ya zama abin dogaro?

Dakta Mai Iri: Kada ki shuka rana ɗaya. Iri suna bambanta a kwanakin fure, wanda ya yi fure a mako mai sauƙi zai fito kamar jarumi alhali sa'a ya ci. Ki zuba iri sau uku ko huɗu, tazarar mako biyu, yadda kowane iri zai samu zubi ɗaya da ya faɗa cikin zafi da ɗaya da ya kauce. Na kaucewar shi ne ma'auninki, don wani irin ko babu zafi kashi 80 yake cikawa. Ki sa N22, IR64 da Moroberekan a kowane zubi. In Moroberekan ba ta faɗi ba, zafin bai kai ba, gwajin bai gaya miki komai ba.

Ranar da zangarniya ta leƙo ki ɗaura mata zare ki rubuta kwanan wata, guda 10 a kowane fili, na manyan rassa. Zangarniya takan ɗauki kwana 5 zuwa 7 tana fure daga sama zuwa ƙasa. In kina son daidaito sosai, ki ɗiga wa furannin da suka buɗe a ranar zafi alama da maka, su kaɗai za ki ƙirga. Ki rubuta lokacin da furen farko ya buɗe da lokacin da rabi suka buɗe, ana dubawa duk minti 30 daga ƙarfe 6 na safe, in ba haka ba ba za ki bambance mai juriya da mai sammako ba. Ma'aunin zafi da na laima a tsayin zangarniya za su zauna, cikin inuwar da iska ke ratsawa.

Lokacin girbi ki murza kowace ƙwaya da yatsa. Wadda ba ta ɗauki ciki ba babu komai a cikinta. Wadda ta ɗauka ta tsaya a hanya tana da ɗan gari, in kin ɗiga aidin zai yi baƙi-baƙi. Kada ki haɗa su, ta farko matsalar fure ce, ta biyu ta cika ƙwaya.

Malamin Gona: A ƙara da abubuwan da ke kama da zafi a ido. Tsutsar kara tana farar da zangarniya gaba ɗaya, in ka ja ta sai ta zare cikin sauƙi. Cutar wuya tana barin baƙin tabo a gindin zangarniya. Ƙwarin da ke tsotsar ƙwaya lokacin nono suna barin ɗigon huda, jan-baki kuma yana matse ta ya bar farin busasshen ruwa a kan ɓawo. Fankon zafi ɓawonsa tsaf yake, babu tabo.

Hajiya Mai Casa: Duk kuna maganar gona. A wurin casa ɓarnar zafi daban take fitowa. Shanshera ta cika buhu, nauyi ba laifi, a sa a inji sai tsaki ya yi yawa, ƙwayar kuma cikinta fari kamar alli. Wannan ma gado ne?

Mai Lab: Hajiya, gado da yanayi ne tare. Idan kwana 20 na farko bayan fidda kai suka yi zafi, ƙwaya tana cika da gaggawa, garin sitaci ba ya matsuwa, iska ta saura a tsakani. Wurin ne ke fari, nan ne kuma ke karyewa. Zafi yana rage aikin sinadaran da ke gina sitaci, yana tayar da amilas mai narkar da shi. Japanawa sun fi kowa bin wannan, don farashin shinkafarsu a kan kyan ƙwaya yake. Sun samo wani yanki, Apq1, a kuromosom na 7 daga irin indika mai suna Habataki, suka sa a jinin irinsu Koshihikari. A 2025 kuma masanan jami'ar noma ta Huazhong a Wuhan sun wallafa QT12, ƙwayar gadon da in ta kunnu lokacin zafi take ɓata ƙwaya, irin da tasu ke zama a kashe kuma suna riƙe inganci.

Amma ba duk tsaki ne laifin iri ba. Shinkafar da aka bari ta bushe ƙarau a gona cikin zafin Mayu, raɓa ko yayyafi ya sake jiƙa ta, tana tsagewa tun kafin ta ga inji. A yanka tana da danshi kashi 20 zuwa 22, a shanya a hankali zuwa 14. Gumi kuma yana narkar da sitacin ya like tsagar, shi ya sa mai turarawa ba ta jin asarar kamar mai casar fara.

Ɗalibar Digiri: To me zai hana a tara su duka a FARO 44, TT1, TT3, qEMF3 da qHTSF4.1?

Dakta Mai Iri: Ana iya yi, hanyar ma sananniya ce. Da ita aka sa ƙwayar juriyar ambaliya, Sub1, aka samu FARO 66 da FARO 67 a 2017. Ana aura mai bayarwa da FARO 44, a mayar da 'ya'yan gare ta: zagaye na farko kashi 75 nata ne, na biyu 87.5, na uku 93.75, kowane zagaye ana duba DNA a ɗauki masu ɗauke da abin da ake so. Sai a bar su su yi wa kansu barbara. Ƙwayar gado ɗaya, shuka ɗaya cikin 4 ce za ta gaje ta ta ɓangare biyu. Ƙwaya biyu, ɗaya cikin 16. Uku, ɗaya cikin 64. Huɗu, ɗaya cikin 256, kuma wannan in suna kan kuromosom daban-daban ne.

Ga inda gizo ke saƙa: TT1, TT3 da qEMF3 duk a kuromosom na 3 suke, daga iyaye biyu daban. Sai an samu shukar da kuromosom ɗin ya karye ya haɗe daidai tsakaninsu, don haka yawan shukar da za a duba ya wuce wancan lissafi. Kuma kada a ɗauko kai tsaye daga CG14. Auren glaberrima da shinkafar Asiya yana haifar da 'ya'ya marasa haihuwa, babban sanadin yana wani gurbi, S1, a kuromosom na 6, ga zubar da ƙwaya da kwanciya da take jawowa. N22 ma gajeriyar ƙwaya gare ta, ga tsawo, ga ƙarancin amfani. Layukan da aka riga aka tsarkake a jikin shinkafar Asiya, kamar IR64, su ne wurin farawa.

Mai Lab: Kuma a duba abin da ke hannu kafin a wahala. TT2, da aka wallafa a 2022, ita ce GS3 da aka daɗe da sani a kan tsawon ƙwaya. Nau'inta da ya daina aiki shi ne ke sa ganye ya riƙe kakinsa lokacin zafi, shi ne kuma ke ba da doguwar ƙwaya. Yawancin dogayen indika, har da IR64, suna da shi tuntuni, babu abin ƙarawa.

Injiniyan Ban Ruwa: Dakta, in an samu layukan, a gwada su kashi biyu a fili ɗaya: rabi ruwa bai yanke ba, rabi a janye ruwan kwana 3 zuwa 4 a tsakiyar fure. Na biyun ne yanayin da manomin da ke ƙarshen magudana yake ciki.

Dakta Mai Iri: Haka ne, amma a raba su da kunya mai faɗi da rami a tsakani, don ruwa yana ratsawa ta ƙasa ya ɓata gwajin. A kuma auna zafin zangarniya da na'urar infrared tsakanin ƙarfe 9 da 12 a ɓangarorin biyu. In ba a yi ba, za a rasa gane ko ƙishi ne ya hana zangarniya fita daga kube ko zafi ne ya hana jakar bununi tsagewa.